Ƙarfen da Ya Karye a Injin Garba

Tun kuna ƙanana kuke jin ana cewa Baffanku Isuhu ya bar atiliyenmu, wato rumfar gyaran injinmu ta Zongo, ne saboda ya ɓata injin wani mai kwale-kwale, kunya ta kore shi ya koma Jugu. Kun ji a bakin mutanen unguwa, kun ji a bakin uwarku, ita ma wurin mutane ta ji. A bakina ne kawai ba ku taɓa ji ba, domin duk ranar da aka tayar da zancen sai in miƙe in ce zan yi alwala. To yau na zauna, ina faɗa Hadiza na rubutawa, tunda hannuna ya daina riƙe alƙalami. Ba Isuhu ne ya karya ƙarfen nan ba. Ni na karya shi.

Kun san gidanmu na Jugu gidan fataken goro ne tun kakanni. Ni da Isuhu ne muka bar goro muka kama ƙarfe, Baba kuwa har ya rasu bai gama yafe mana baƙin man da ke ƙarƙashin farcenmu ba. Ni na fara zuwa Paraku, na koyi aikin inji, na buɗe rumfar kwano a bayan masallacin unguwa, daga baya na kirawo shi. Na girme shi da shekara tara. Ni mai baki ne, mai saurin hawa, kun fi kowa sani, ba sai kun sunkuyar da kai ba. Shi kuwa zai yini bai yi magana goma ba. Abin da aka san mu da shi shi ne fitar da bulon, wato ƙusar nan mai haƙora da ake murzawa, in ya karye a cikin inji. Daga unguwar Kpebiye, daga tashar manyan motoci, har daga ƙauyuka, in bulon ya karye ya bar gindinsa a rami sai a ce a kai wa Sani na Zongo. Sunana ake kira, ba a cewa Sani da ƙanensa. Ni kuma ban taɓa gyara wa kowa ba, daɗi ma nake ji.

A ranin shekarar da abin ya faru ne hannuna na dama ya fara rawa. Ranar farko a wurin mai shayi ne, na ɗaga kofi sai na ga shayin yana kaɗawa shi kaɗai. Na ce yunwa ce. Bayan mako biyu na ce gajiya ce. Daga nan na daina shan shayi a waje, na koma sa hannu a aljihu in ana hira, in za a gaisa sai in damƙe hannun mutum da ƙarfi har ya ce Patro, haka suke kiran mai rumfa, yau da ƙarfinka ka tashi. Tsoro nake ji, wallahi, tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Mai aikin ƙarfe da hannunsa ke rawa ya gama, kuma a Zongo in magana ta fita da hantsi, kafin la'asar ta kai kasuwar shanu. Ban faɗa wa uwarku ba, ban je likita ba. A zatona ba wanda ya lura.

Da damina ta yi tsakiya sai ga Garba da injin kwale-kwalensa ɗaure a saman taksi. Garba Bakabe ne, masunci, yana zaune a bakin kogin Weme, can sama da gadar Beteru, inda mutanen ƙauyukan ƙetare ba su da hanyar fitowa sai ta ruwa. Shi yake ƙetarar da su da doyarsu da marasa lafiyarsu. Wani makanike na bakin hanya ya zo ɗaure masa kan injin, ya matsa bulon ɗaya fiye da kima, bulon ya karye daidai da bakin rami. Garba ya ce kogi ya cika ya batse, kwana biyu ke nan da filafili yake tuƙi, jiya ruwa ya ja shi har kusan gada da mata shida a ciki. Ya ce ya wuce masu gyara da yawa a hanya, wurina ya zo, kuma hannuna yake so ba na wani ba.

Bari in faɗa muku yadda aikin yake, don ku gane. Jikin injin alminiyom ne, mai taushi, bulon kuwa baƙin ƙarfe ne, ruwa ya sa sun manne. Sai a huda tsakiyar bulon ɗin daidai, a yi ta faɗaɗa hudar har ya ƙare. Bayan nan a sa wani siririn ƙarfe mai kaifi da muke kira taro, a murza shi a ramin ya yanka sabbin haƙoran da sabon bulon zai kama. Taro ya fi duk wani ƙarfe na atiliye tauri, amma ba ya lanƙwasa ko kaɗan. Ana murza shi rabin juyi gaba, a dawo baya kaɗan, a ɗiga mai, a sake. In hannu ya karkace ko da ƙanƙane, sai ya karye. In kuwa ya karye a ciki an shiga uku, domin babu abin huda da ke cin sa.

Isuhu ne ya yi hudar, ya yi ta tsaf, ko gefen ramin bai taɓa ba. Garba ya ga aiki na tafiya, ya ce bari ya leƙa kasuwa ya sayo zaren koma. Yana fita Isuhu ya ɗauki taro. Da na bar shi, da ba na zaune ina ba ku wannan labari. Amma maganar Garba na kunnena, hannuna yake so, kuma raina ya ce in na bar wannan ma, to me ya rage nake yi a rumfar nan? Na ce ya ba ni. Ya dube ni, ya ɗan yi jim, ya miƙo. Shi ya riƙe mini injin. Juyi na farko lafiya, na biyu lafiya. A na huɗu na ji rawar ta taso daga gwiwar hannu, maimakon in saki sai na ƙara damƙewa. Na ji ƙas. Ƙarar ba ta kai ta karyewar tsinken sakace ba, amma na san taron ya karye a ciki.

Isuhu ya karɓi guntun daga hannuna, ya sunkuya yana leƙa ramin. A haka Garba ya shigo ya same mu: ni a tsaye hannu a aljihu, ƙanena da karyayyen ƙarfe a hannu. Ya tambaya me ya faru. Na kau da kai. Ya sake tambaya, yana duban Isuhu. Sai na ji bakina ya ce:

"Yaran yanzu ne, Garba. Gaggawa ta yi musu yawa."

Yaron da nake nufi shekararsa arba'in, 'ya'yansa huɗu. Ku da kuka tashi a wannan zamani za ku ce me ya hana shi magana. A gidanmu ƙane ba ya ƙaryata yayansa a gaban baƙo. Haka Baba ya tarbiyyantar da mu tun muna bin sa rumfar goro: in babba ya gaya wa mai saye farashi ko ya yabi kaya, ko kuskure ya yi, ƙarami ya ja bakinsa sai baƙo ya tafi. Na san Isuhu ba zai taɓa karya wannan ba. Ina son ku rubuta wannan da kyau, Hadiza: na sani, shi ya sa na faɗa. Garba ya wanke shi tas, ya ce masa mai hannun tsiya, ya ce in wani ya nutse a kogi alhakin na wuyansa. Isuhu bai ɗago kai ba, haƙuri kawai yake bayarwa. Ni kuma na shiga tsakani kamar mutumin kirki, na ce a bar mini injin zan san yadda zan yi.

Da Garba ya tafi, Isuhu ya zauna a kan benci yana jira. Baƙo ya tafi, yanzu lokacin gyara magana ne, haka al'adar take, ɓangarenta na biyu ke nan. Ni kuwa sai na kama surutu a kan yadda za a fitar da ƙarfen, ko a yi walda ko a sare shi. Ya saurare ni har na gama, ya share hannunsa, ya ce sai da safe Yaya. Da safe ban ga akwatin kayan aikinsa ba. Matarsa ta aiko cewa ya tafi Jugu duba Inna.

Kwana uku na yi ina fama da ramin nan ni kaɗai, na ja ƙofar rumfa don kada a ga hannuna. Na ƙona bakin abin huda har uku, ko gezau. Na sa siririn kurfi ina bugawa, hannu ya goce na ɓantare gefen ramin kaɗan, nan na tsaya. Walda kuwa ban yarda in gwada ba, in zafi ya yi yawa alminiyom ya narke, injin ya tashi aiki har abada. Garba kuma ga waya safe da yamma. Rana ta biyu ya ce sun ƙetarar da mai naƙuda da filafili, da ƙyar suka kai. Abinci ya daina shiga cikina. Uwarku ta tambaye ni ko ni da Isuhu mun yi faɗa, na daka mata tsawa, Allah ya jiƙanta, ba ta yi mini komai ba. Rana ta huɗu na kwance jikin injin, na naɗe shi a buhu, na hau taksin Jugu. Da muka zo gadar Beteru na ja hula na rufe fuska kamar mai barci, don kada wani mutumin Garba ya gan ni. Ta ƙasan hular na hango ruwan, ja wur, yana tafe da rassan itace.

Na sami Inna a tsakar gida tana tsince wake. Ba ta taɓa kiran sunana ba, kasancewa ni ne ɗan fari, Babba take cewa. Ta dubi buhun, ta dube ni, ta ce Babba kai ma duba ni ka zo? Na durƙusa na gaishe ta. Isuhu ya fito daga ɗaki, ya durƙusa ya gaishe ni kamar yadda ya saba, ya karɓi kayan. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya buɗe buhun, ya daɗe yana duban ramin, ya ga inda na ɓantare. Sai ya juya ya tambayi Inna ko tana da alif, farin dutsen nan da mata ke jefawa a randa don ruwan rijiya ya kwanta.

Na ɗauka wasa yake, har na fara hawa. Sai ya ce lokacin da yake yaro, in an aike shi kasuwa, yakan tsaya wurin maƙeran azurfa. In bakin abin hudarsu ya karye a cikin munduwa ba sa bugawa, dafa ta suke yi a ruwan alif, alif ya cinye baƙin ƙarfen ya bar azurfar. Ya ce alminiyom ma alif ba ya cin sa. Shekara goma sha tara muna rumfa ɗaya ban san ya san wannan ba, don ban taɓa tambayarsa abin da ya sani ba. Ya samo yumɓu ya gina ɗan ƙaramin bango kewaye da ramin, kamar bakin tulu, don kada ruwan ya gangara inda fistan ke tafiya. Ya daka alif ya narkar a ruwan zafi har ruwan ya ƙi karɓa. Ya ɗora injin a kan duwatsu uku, ya sa garwashi kaɗan a ƙasa, ya cika ramin. Na tambaye shi awa nawa. Ya ce kwana nawa dai.

Ban taɓa yin aiki mai wuya irin wannan ba, domin babu abin yi. Zama ne kawai, a ƙara garwashi, in ruwa ya ƙafe a ƙara da cokali. In ka kai ido kusa sai ka ga ƙananan kumfa suna tasowa ɗaya bayan ɗaya. Ni da na saba da guduma da tsawa, ga ni a gindin mangwaron Inna ina gadin kumfa. Wayar Garba ta yi ta ƙara a aljihuna har na kashe ta. Duk sanda hadari ya haɗu sai in kama lissafin ko yanzu Garba yana tsakiyar kogi. Ga wata fargabar kuma, in alif ɗin ya ci jikin injin fa? Na tambayi Isuhu ya fi sau goma, kullum amsarsa ɗaya, mu jira.

Rana ta biyu da fara dafawar, da hantsi, ya miƙo mini cokali ya ce in ƙara ruwan, zai duba wuta. Na ɗebo, kafin in kai ramin rabi ya zube a ƙasa. Na sake, ya sake zubewa. Na ɗago, ashe yana kallona.

"Ba komai, Yaya," in ji shi. "Wannan aikin ko ya zube ba ya ɓaci. Shi ya sa nake so ka iya shi."

Na ce me yake nufi. Ya ce tun rani ya sani. Ya ce tun lokacin yake riga ni zuwa rumfa, ya yi duk aikin da ke son hannu tsayayye kafin in iso, ya bar mini kwancewa da ɗaurewa, in masu kaya sun zo su same ni a kai. Ni kuwa duk watannin nan ina cewa aiki ya yi sauƙi bana. Kunya ta rufe ni, kuma kun san halina, in na ji kunya faɗa nake yi. Na ce to don me bai hana ni taron ba? Ya ce ta yaya zai hana ni? Inna na jin mu daga bakin madafa, ta daina daka.

Da na huce na ce ya koma Paraku mu ci gaba. Ya girgiza kai. Ya ce zai buɗe 'yar rumfa a nan Jugu kusa da Inna, ya daɗe yana so. Ya ce injinan ban ruwa da na kwale-kwale duk daga bakin kogi suke zuwa, mutanen kogi kuma bakinsu ɗaya, abin da Garba ya faɗa shi ne. Sai ya ce:

"Abu ɗaya nake roƙo. Ka faɗa wa Garba. Ba sai ka tara jama'a ba, ba sai ka ambaci hannunka ba. Ka ce masa dai ba ni ba ne."

Na ce wallahi zan faɗa. Da rantsuwa na faɗa, Inna na ji.

Rana ta huɗu bayan azahar Isuhu ya ari basillar Inna, ya zura a ramin ya ɗan taɓa, sai muka ga guntun ya motsa. Ya juya shi a hankali ya ɗago shi, ya yi baƙi, ya rame, haƙoransa duk sun cinye. Ramin kuwa fes, alminiyom ko tabo. Na yi hamdala har da hawaye. Shi ya yanka sabbin haƙoran da nasa taron, rabin juyi gaba, kaɗan baya, ina riƙe masa injin.

Na koma Paraku na haɗa inji, na kai wa Garba da kaina har bakin ruwa. Duk hanya ina maimaita maganar a zuciyata, gajeriya ce, ba Isuhu ba ne, ni ne. Na shirya in ja shi gefe kafin a tayar. Amma muna sauka mutane suka taru, masu doya, mata da jarirai, har da mai gari. Garba ya ɗaura inji ya ja igiya, ja na biyu ya kama. Mata suka yi guɗa. Ya fito daga ruwa ya kama hannuna na dama ya ɗaga sama, ya damƙe shi sosai har rawar ba ta ganuwa, yana gaya wa mutane su dubi hannun da ya fitar da abin da ba ya fita. Sannan ya matso kusa da kunnena ya ce, don Allah Patro, kada ka ƙara barin ƙanen nan naka ya taɓa kayan mutane. Ga dama ta zo har kunnena, mu biyu ne ke ji. Na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne:

"Sai haƙuri, Garba."

Ya ba ni manyan kifaye busassu guda biyu a naɗe a takardar siminti. Na ce a raina gobe zan kira shi a waya. Na aika wa Isuhu ɗaya ta hannun direban Jugu. Washegari direban ya dawo mini da shi yadda yake, ko kwance igiyar ba a yi ba. Ya ce Isuhu na gaishe ni, ya gode, ya ce a gaya wa Yaya ba kifi ya roƙa ba.

Goben nan ba ta zo ba. Da farko ina cewa sai damina ta wuce, daga baya na ce magana ta tsufa, tayar da ita sai ta fi ɓaci. Na ƙara shekara shida a rumfa ina fitar wa mutane karyayyen ƙarfe da ruwan alif, ana cewa Sani ya zo da sabuwar dabara. Isuhu kuwa ya buɗe rumfarsa, mutanen kogi suna wuce ƙofarsa da injinansu a kan taksi suna kawo mini. Ya ƙare a waldar ƙofofi da gyaran amalanke, mutumin da ya fi ni hannu tun kafin nawa ya lalace. Bai sake tayar da maganar ba ko sau ɗaya. Duk sunan da aka yi a gidan nan ya zo, duk rasuwa ya zo, ya durƙusa ya gaishe ni. Garba ya rasu shekarun baya, na je gaisuwa, na zauna a kan tabarma ina tunanin wanda aka ce in faɗa wa ya tafi bai ji ba.

Saboda haka Hadiza, in kin gama ki sa a buga wannan. Ranar Juma'a ki hau mota ki je Jugu, ki tafi da yayyenki. Ki bari sai an sauko daga masallaci, 'ya'yansa da surukansa da maƙwabtan rumfarsa duk suna ƙofar gida, sannan ki karanta da ƙarfi tun daga farko. Na san shi, kina kaiwa inda na ce ni na karya zai ɗaga hannu ya ce ya isa, don ba zai so a kunyata yayansa a gaban mutane ba. Kada ki tsaya. Ki ce ni na ce.